Wane Murdo Ne Kakan Ishbel?

Korar tumaki ce ta shigar da Torquil maƙabartar ƙauyensu ranar da ya fara ganin wata baƙuwa tana durƙushe gaban wani kabari, iskar teku na neman ƙwace mata takardu.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

"Murdo MacAskill, kakan kakan babana. Daga Kanada na zo."

"To, sannu da aiki. Rabin waɗanda ke kwance a nan sunansu ke nan."

Ta harare shi, sai kuma dariya ta kuɓuce mata. Ranar dai tumaki sun ci ciyawar maƙabarta har suka ƙoshi.

Sunanta Ishbel. Sati biyu ta zo yi a wannan tsibiri na ƙasar Sikotilan, ta share wata uku. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashinta: "Baƙuwata, bar matattu su huta yau, ga mai rai yana jiranki a bakin ruwa."

Ita kuma ta mayar: "Makiyayina, gani nan. Ka taho da shayi."

Da magana ta yi ƙarfi, ya kai ta gaban Kaka Peigi, wadda ta raine shi. Hira ta yi daɗi har lokacin da Ishbel ta shimfiɗa takardar da ta samo a intanet, tana alfahari: Murdo MacAskill, ɗan sandan attajirin da ya mallaki tsibirin, a shekarar 1851.

Tsohuwa ta ajiye kofinta.

"Wanda ya kori mutanenmu daga gidajensu don a zuba tumaki? Wanda ya zuba madarar yara a murhunmu ya kashe wutar? Ina raye, jininsa ba zai zauna a gidan nan ba."

Ishbel ta fita tana kuka. Washegari saƙonta ya shigo: "Jirgin Laraba zan bi. Ba zan raba ka da kakarka ba. Ka yafe mini."

Hankalin Torquil ya tashi ƙwarai. Amma wani abu ya tsaya masa a rai. A nan ɗan fari sunan kakansa yake ci, shi ya sa 'yan'uwa huɗu ke iya tashi da suna ɗaya, takarda kuwa ba ta bambance su. Mutanen tsibiri da jerin iyaye suke gane mutum.

Ya tarar da ita tana haɗa kaya.

"Masoyiyata, a gidanku ba a koya miki jerin iyayenki ba?"

"Wannan waƙar da kakana ke sa ni haddacewa?"

"Ita fa. Tashi mu je."

Kaka Peigi ko kallonsu ba ta yi ba. "Ja'iri, ka dawo mini da ita?"

"Kaka, ki dai saurara."

Ishbel ta fara: "Ishbel 'yar Neil, ɗan Angus, ɗan Neil, ɗan Rory, ɗan Murdo, ɗan Neil mai sassaƙa kwale-kwale."

Tsohuwa ta juyo a hankali.

"Ɗan mai sassaƙa? 'Yar nan, azzalumin ai Murdo ɗan John ne. Naki shi ne, ranar da aka kore mu, ya ɗaga kakar uwata daga cikin dusar ƙanƙara, ya goya ta har kogon dutse. Saboda ya taimaki korarru aka ɗaure shi, aka jefa shi a jirgin ruwa. Ba mu sake jin labarinsa ba." Ta miƙa hannu biyu, hawaye na zuba. "Zo nan. Ki kuma jefa takardar banzan nan a wuta."

Ranar biki coci ta cika har waje, masu busa suka rako amarya tun daga bakin ruwa. Kaka Peigi ta haɗa hannuwansu cikin nata.

"A ɗaure aka fitar da shi daga ƙauyen nan, yau ga jikarsa ta shigo da busa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai yawa, kada wutar gidanku ta taɓa mutuwa."