Zoben Mai Tumbi a Ƙwaryar Madara

Wai a wani zamani, cikin wata ƙwaryar madara, akwai garin ƙwayoyin nan da ido ba ya gani, masu mai da madara nono. A cikinsu akwai Mai Tumbi, wanda ke da ɗan zobe a ciki mai sa shi narkar da zaƙin madara. Maƙwabciyarsa Siririya kuwa zobenta na kariya daga magani ne kawai, ga ta da yunwa.

Ta ce, "Maƙwabci, miƙo bututu ka kwafa mini zobenka mana. Ai naka ba zai ragu ba."

"Zobena nawa ne," in ji shi.

Ta sake roƙo.

"Zobena nawa ne."

Rannan aka tuttulo musu madarar saniyar da aka yi wa allura. Maganin allurar, mai kashe ƙwayoyi, ya gauraye gari. Da Mai Tumbi ya hango lahira, sai ya mirgino wajen Siririya.

"'Yar uwa, ashe kina nan? Zoben nan naki..."

"Zobena nawa ne," in ji ta. Sai da ya fara wasiyya, sannan ta ƙyalƙyale da dariya ta miƙo bututu ta kwafa masa.

Da ya farfaɗo, kunya ta sa ya kwafa mata nasa. Ya shafa ciki a ɓoye, sai ya ji zobe na nan daram, har biyu.

Da safe mai nono ta ɗaga faifai, ta ga kindirmo ya kama. Mai Tumbi kuwa har yau yana gaya wa jikoki shi ya fara kyauta.