Karsanar Furera

Tun kafin ya kafe babur ɗinsa a ƙofar gidan su Furera da ke Burumburum, Ladan ya gane ta sha kuka. Yarinyar da kan fito zance da tsokana a bakinta, yau ta shimfiɗa masa tabarma ta koma gefe ta rakuɓe, gaisuwar ma a ciki ta yi ta.

"Sanyin idona, wa ya taɓa min ke?"

Sai hawaye. Da ƙyar ta iya faɗa masa. Farar karsanar da Innarta ta bar mata kafin ta rasu, wadda za ta tafi da ita ɗakin miji, ita ce babu. Garkensu yana can wajen Doguwa a hannun yayanta Maikano, kuma jiya Maikano ya zo ya shaida wa mahaifinsu Baffa cewa ɓarayi sun kwance ta.

"Ita kaɗai ce abin da ya rage min na Inna, Malam... ita kaɗai."

Ladan ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya san inda karsanar nan ta tafi, kuma ba ɓarawon da ya taɓa igiyarta.

Shi dai Ladan malamin lissafi ne a sakandaren Tudun Wada. Kai kam akwai shi, wannan ba musu, sai dai irin kan nan ne da kan rinjayi mai shi. A wani otal na direbobi da ke bakin titin Jos, wani mutumin Ikko ya kawo injin caca mai fuska irin ta talabijin. Ka zura kwandala, ya nuno maka karta biyar, ka riƙe waɗanda kake so, ya canza maka sauran. A samansa akwai lamba mai jar wuta da ke ƙaruwa duk lokacin da wani ya zura kuɗi. Wanda ya haɗa manyan karta biyar masu zane iri ɗaya, shi zai kwashe abin da ya taru gaba ɗaya.

Kowa da sa'a yake tunkarar injin, Ladan kuwa da biro. Wata biyu ya yi yana cika bayan takardun jarrabawa da lissafi, har ya gano cewa in lambar ta wuce wani mataki, riba ta koma ɓangaren wanda ya iya zaɓen karta. Kafin nan kuwa, duk wanda ya zauna ciyar da injin kawai yake. Don haka dabarar ɗaya ce: ka sayi lemo, ka zauna a baya, ka jira wasu su cika tukunyar. Ya yi ta gaya wa kansa cewa wannan ba caca ba ce, ilimi ne. Amma bai taɓa shiga otal ɗin ta ƙofar gaba ba.

Wata ranar kasuwa da azahar, lambar ta kusa kaiwa, sai ga Maikano ya shigo da igiyar saniya a kafaɗa, aljihu a cike. Suka haɗa ido, kowa ya kau da kai. Maikano bai san kan karta ba ko kaɗan, mai kyau yake zubarwa ya riƙe tarkace. Ladan yana bayansa, yana ganin kowane kuskure. Kalma ɗaya ta isa ta tashe shi. Amma duk kwandalar da ta shige, jar lambar nan sai ta motsa.

Kafin la'asar Maikano ya miƙe hannu wayam, yana haɗa hanya kamar wanda ya tashi daga jinya. Kujerar ba ta huce ba Ladan ya hau. Kwana uku yana bugawa, a na ukun injin ya ɓarke da kiɗa. Da wannan kuɗin ya haɗa lefe, da shi kuma kawunnansa za su kawo sadaki ranar Juma'a mai zuwa.

Yanzu ga Furera tana share ido da gefen mayafi, har tana ba shi haƙuri wai za ta zo masa gida hannu rabbana. Ya san in ya yi shiru, shikenan. Maikano ba zai taɓa tona shi ba, don tona shi tona kai ne. Shekara uku yana son yarinyar nan, saura kwana shida a ɗaura aure. Amma da ta ce Allah ya saka mata a kan wanda ya ci karsanarta, sai ya kasa cewa amin.

"Furera... ba sace ta aka yi ba."

Ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa, yana tsinkar zaren tabarma. Bai rage ba, bai kuma yi wa kansa ado ba. Da ya gama, kukanta ya tsaya cak, kuma wannan ya fi kukan tsorata shi.

"Ka gane shi ne Hamma Maikano?"

"Na gane shi."

"Ka san kuɗin dabba ne a hannunsa?"

"Na ga igiyar. Ban san taki ba ce, wallahi ban sani ba..."

"Ka ce masa ya tashi?"

Ya ci gaba da tsinkar zaren tabarma.

"Malam, tambayarka nake."

"Jira nake ya ƙara zubawa."

Ya shiga rantsuwa cewa zai sayar da lefen, zai sayar da babur, zai bi mahauta da dillalai har ya gano karsanar ko ya sayo wadda ta fi ta. Ya kira ta da duk sunan da ya taɓa raɗa mata. Ta bar shi har ya gaji.

"Da caca kawai ka yi, da na ce Shaiɗan ne, na taya ka tuba. Hamma ma Shaiɗan ne ya ja shi. Amma kai da hankalinka ka zauna. Ina sonka, Allah ya sani, har yanzu da nake maganar nan ina sonka... Sai dai in na shiga gidanka, duk ranar da ka yi shiru kana kallona, zan ce me kake jira."

Ta ce ba za ta gaya wa Baffa ba, don tsohon ba zai iya ɗaukar labarin ɗansa ba. Shi Ladan ya san abin da zai faɗa wa kawunnansa, amma kada kowa ya zo ranar Juma'a. Ta miƙe, hawayen suka dawo, ba ta share ba.

"Bari in turo maka Hamma ya raka ka."

Maikano ya fito yana gyara hula. Suka jera har bakin hanya, Ladan na tura babur, ba wanda ya iya duban ɗan'uwansa. Sai da suka kai gindin tsamiya Maikano ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ta ce in yi maka sallama da kyau, wai ba za ka dawo ba. Me ka yi mata?"

"Na gaya mata inda muka haɗu."

Maikano ya durƙushe a wurin, ya rufe fuska da hularsa. Ladan ya yi ta dukan babur ɗin ya ƙi tashi, don idonsa ya cika har bai ga cewa bai murɗa makulli ba. Haka ya tura shi da ƙafa ya bar Burumburum, mutane na yi masa barka da angwanci a hanya.