Mai Gadin Hannun Yaya

Afnan 'yar aji huɗu ce. Tana zaune da Abba da Umma da yayanta Fatihu a garin Upper Marlboro, a ƙasar Amurka.

Fatihu ya gama jami'a. Burinsa ya zama likitan haƙori. Amma kafin makarantar likitancin haƙori ta ɗauke shi, sai ya ci wata jarrabawa mai wuya da ake yi a kwamfuta.

A cikin jarrabawar akwai zane-zane. Za a nuna maka kusurwoyi, a ce ka jera su daga ƙarama zuwa babba. Da ido kawai ake aunawa. An hana kara rula ko biro ko yatsa a fuskar kwamfutar.

To, Fatihu yana da wata ɗabi'a. In tunani ya yi masa zurfi, sai hannunsa ya ɗaga biro ya kara a jikin zanen. Sau da yawa bai ma san ya yi ba.

Wata Asabar ya kira ƙanwarsa.

"Afnan, zo in ba ki aiki. Ki riƙa zama kusa da ni in ina gwaji. Da kin ga hannuna ya nufi kwamfuta, ki buga cokalin nan a jikin kofi."

Afnan ta yi tsalle. "Ni ce malama ke nan, Yaya?"

"Ke ce. Amma fa amana na ba ki."

Ranar farko cokali bai huta ba. Ƙwal! Ƙwal! Da aka gama, makin Fatihu bai yi kyau ba. Ya rufe kwamfutar, ya haɗe rai. Ko keken da suka saba hawa da yamma bai fito sun hau ba.

Afnan ba ta ji daɗi ba.

Washegari ta sake ganin biron ya tashi. Ta ɗaga cokali. Sai ta kalli fuskar yayanta, ta ga duk ya gaji. A hankali ta ajiye cokalin.

Rannan makinsa ya hau sosai. Fatihu ya yi ta dariya.

"Afnan, na taɓa kuwa?"

"A'a, Yaya. Ko sau ɗaya."

Ya ɗauke ta a mota suka je shan askirim. Daga ranar, Afnan ta daina buga cokali. Tana gani, tana yin shiru. A ranta tana cewa, ai taimakonsa nake yi.

Ranar jarrabawa ta zo. Abba ya kai Fatihu da sassafe. Umma ta shiga kicin, ta ɗora tuwon shinkafa da miyar taushe, don shi ne abincin da ya fi so.

Tun miya ba ta nuna ba, sai ga motar Abba ta dawo.

Umma ta fito da ludayi a hannu. "Lafiya? Har an gama?"

Fatihu ya zauna a bakin kujera. Idanunsa sun yi ja.

"Umma, an fitar da ni. Sun ba mu alƙalami da ɗan allo na yin lissafi. Ina cikin auna kusurwa, ashe na kara alƙalamin a kwamfuta. Matar da ke sa mana ido ta gani, kyamara ma ta ɗauka."

"Innalillahi! Yanzu yaya ke nan?"

Abba ya ce, "Za su soke jarrabawar tasa. Sai ya jira kafin a bar shi ya sake. Bana kam ta wuce shi."

Afnan ta miƙe. Ta sulale ta shige ɗaki.

Da Umma ta kai mata abinci, ta tarar da ita tana kuka a ƙarƙashin bargo.

"Afnan, me ya same ki?"

"Umma, ni na jawo. Kullum ina ganinsa yana taɓawa. Na ce masa bai taɓa ba."

Umma ta zauna a bakin gado. Can ta ce, "Me ya sa?"

"Ba na son in ga ransa ya ɓaci."

"Yau fa? Kin ga fuskarsa?"

Afnan ta ƙara fashewa da kuka. Umma ta share mata hawaye.

"Tashi ki je. Da bakinki za ki gaya masa."

Afnan ta same shi a bayan gida. Da yayanta Turanci ta saba yi, amma yau da Hausa ta yi magana.

"Yaya, na yi maka ƙarya. Ka yafe mini."

Fatihu ya dube ta. Sannan ya jawo ta kusa da shi.

"Kin yi kuskure, Afnan. Amma nawa ya fi naki. Wani lokacin nakan ji hannuna ya tafi. Da na ji shiru, sai in ƙyale kaina. Ni na san dokar."

Lokacin kaka ya shigo, ganyaye suka yi ja suka zube. Abokan Fatihu suka fara makaranta. Suna turo masa hotunansu sanye da fararen riguna. Yakan kalla ya yi murmushi, sannan ya kife wayar. 

Suka koma gwaji. Wannan karon ba ta ɗaga masa ƙafa ba. In ya haɗe rai, sai ta ce, "Ka yi fushinka, Yaya, amma ka taɓa." A hankali hannun ya koyi zama wuri ɗaya.

Da sanyi ya wuce, Fatihu ya sake zama jarrabawar. Ya ci da maki mai kyau. Bayan wasu watanni, makarantar likitancin haƙori ta ɗauke shi. Ranar da saƙon ya zo, ya ɗaga Afnan sama yana juyi da ita a falo, har Abba ya ce su yi hankali da fitila.

Da suka natsu, Umma ta dubi 'yarta. "To, malama, me kika koya?"

Afnan ta ce, "In an ba ni amana, in riƙe. Kuma in ina son mutum, in gaya masa gaskiya, ko da ba zai ji daɗinta ba a ranar."

Umma ta rungume ta. "Allah ya yi muku albarka."