Falanki na Goma Sha Huɗu

Preben ɓarawo ne, kuma ba yunwa ce ta sa shi sata ba, hassada ce. Gara a faɗi wannan tun farko.

Gidan Ejnar da ke gefen garin Viborg an gina shi a 1961: jan bulo, faffaɗan tagogi, bangon falo lulluɓe da katako mai ruwan zuma. Da sanyi ya fara ratsa bangon, 'yarsa Solvej ta kira kafinta. Ranar da kafintan, Asger, ya zo, sai da ya shafa katakon kafin ya gaishe ta.

"Ni na kira ka, ba bango ba," in ji ta.

"Yi haƙuri. Ya girme ki ne."

Ta yi dariya. Ejnar bai yi ba.

"Na san irinku. Sai kun mayar da gidan mutum asibiti, komai fari fat."

"Falankan kawai zan cire, Ejnar, in sa abin tare sanyi, in mayar da kowanne mazauninsa."

Ya cire su ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta wa kowanne lamba a baya da fensir. A jikin na goma sha huɗu ne marigayiya uwar Solvej ta riƙa auna tsayinta duk shekara, da rubutun hannunta. Ejnar ya kulle falankan a gareji, ya rataya makullin a wuya.

Kafin wata guda saƙo ya fara kai da komo tsakanin Asger da Solvej.

"Tsuntsuwata, na gyara tagar kicin, ta daina ƙara. Saura mahaifinki."

"Kafintana, wannan tsohon katako ne, sai a hankali."

Preben, ɗan maƙwabciyarsu, shekara uku yana bin Solvej, tana ba shi kofi tana sallamarsa. Ta saman shinge yake kallon komai.

Ranar da za a mayar da falankan, aka nemi na goma sha huɗu aka rasa. Ejnar ya juya kan Asger.

"Kafinta ba ya rasa hanyar buɗe ƙofa. Kwashe kayanka. 'Yata kuma ba da kai ba."

Asger ya dubi Solvej. Ita kuwa ramin da ke bango take kallo, ba ta ce uffan ba.

Da yamma ya rubuto: "Ban ɗauka ba. Korar ba ta yi mini ciwo kamar shirunki ba."

Kwana tara tana karantawa, ba ta amsa ba.

Ranar zagayowar haihuwarta Preben ya shigo da kyauta, ƙaramin akwatin sarƙa.

"Da hannuna na yi miki. Ba kafinta kaɗai ya iya katako ba."

Launin ya tsaya mata a rai. Ta juya akwatin. A gindinsa, da fensir, ga lamba 14, rubutun Asger. Preben ya goge fuskar falankin tas, rowa ta hana shi zubar da katako mai kyau, bai kuma san kafinta a baya yake rubutu ba.

"Baba, wa ke ajiye mana makulli na biyu na gareji?"

Ejnar ya juya a hankali ya dubi Preben. "Mahaifiyarsa. Shekara talatin ke nan."

"Wasa nake, Ejnar…"

"Da rubutun matata? Fita."

Washegari dattijon ya hau kekensa har shagon Asger, ya cire hula.

"Na ci mutuncinka. Zo ka gama aikinka."

Solvej ta fito daga bayansa, idonta jajir. "Ni ma na yi laifi. Na yi shiru."

"Kin yi," in ji Asger. Ya daɗe kafin ya miƙa mata hannu.

Da ya kwance akwatin, ya tarar layi ɗaya ya tsira a cikin kusurwa: "Solvej, shekara shida." Ya dasa guntun a sabon falanki, daidai tsayin da yake a da.

A falon nan aka yi walimar aurensu wata Asabar cikin watan Yuni. Ejnar ya miƙe, ya dafa bangon, ya ce, "Allah Ya sa a auna wasu a nan."

Preben bai zo ba. Kotu ta yanke masa aikin tilas na awa sittin, kuma ranar Asabar ɗin yana bakin tafki yana tsintar shara.