Baƙin Mai a Makwarara

Magariba ta sauko wa Nguru da zafinta, wuta kuwa kwana tara ke nan ba a ga ƙyallinta ba. Munzali, malamin kimiyya a makarantar sakandare, ya tsuguna gaban janaretansa. Ba don fanka yake lallaɓa injin nan ba. Allurar ciwon sukarin mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Kaka, tana cikin firji, in ta sha zafi ta lalace. Ya tsiyaye tsohon baƙin mai yana tururi, ya sheƙa a makwarara. Daga kan tabarma Kaka ta tambaye shi ko ya yi bisimilla. Ya ce mata mai ne, ba tuwo ba.

Ya zuba sabo, ya ja igiya. Injin ya tashi, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Cikin shirun nan tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi. Sai wata. Munzali ya ce yaran unguwa ne, ko da yake ta ukun daga cikin ɗaki ta fito, da ɗuminta.

Haka aka yi kwana huɗu. Ya sauya fulogi, ya tace fetur da ƙyalle, amma injin ba ya wuce rabin sa'a. Ƙanƙarar da ake sayowa a tasha ta yi wuya. A rana ta biyar 'yarsa Hassana, wadda injin ke gindin tagar ɗakinta, ta fito tana jan ƙafa, ta zauna bakin makwarara tana rarrashin abin da ba wanda ya gani.

Kaka ta aika Gashua aka ɗauko Malam Bobboi, mai ruƙiyya. Munzali ya ce ra'ayinsa na cewa ba aljanu ba ne bai sauya ba, sai dai daga bayan ƙofa ya faɗa.

Malam ya yi karatu har muryarsa ta dishe. Can Hassana ta ɗago, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ɗana yana barci a makwarara. Wancan ya ƙona masa baya, ko sallama babu."

Malam ya ce, "Baiwar Allah, yarinyar ba ta da laifi. Me kike so?"

Da fari ta ce ran tsohuwar gidan take so, shi ya sa take kashe injin. Malam ya ƙara karatu, ta sauko. Ta ce a ɗauke injin daga gindin taga a kai shi fili, a riƙa tara baƙin mai a galan, kada a ƙara zubar da abu mai zafi ba bisimilla. Malam ya rantsar da ita. Hassana ta yi atishawa uku ta sulale.

Da safe Munzali ya jawo injin tsakar gida. Ja ɗaya ya tashi, firji ya ɗauki sanyi, Kaka ta yi allurarta. Abokan aikinsa kuwa, ya gaya musu hayaƙi ne ya bugi yarinyar, sharuɗɗan nan ma kusan duk suna cikin littafin injin. Bai ambaci shaidar ɗan ƙaramin hannu ta baƙin mai da ya tarar a kan makunnin injin ba, wadda ya wanke sau uku ba ta fita ba. Yanzu ko ruwan shayi zai zubar, sai an ga leɓensa na motsi.