Mai Takobi Ake Jira

Ku matso kusa. Na bakin ƙofa ya saki labulen. Wannan labari ba a ɗaga masa murya.

A garin nan da jirgin ƙasa ya daina tsayawa, sunan ya kufce mini yanzu amma zai dawo, an yi wani saurayi ana ce masa Zayyanu. Yana da shagon gem a bayan kasuwa, inda yara ke biya su yi wasan na'ura a talabijin. Ɗaki ɗaya ne, da talabijin, da benci, da ɗan janareta a waje. Filin da aka jera shagunan tsohon zango ne. A nan fatake ke sauke jakunansu tun kafin a haifi kakanninku. Masu shagunan ba su damu da wannan ba.

Akwai wani wasa a na'urarsa da ba a yin sa sai mutum huɗu. Kafin a fara, kowa sai ya zaɓi abin da zai zama. Akwai mai takobi, shi ke gaba. Akwai maharbi, da mai jifa da wuta. Sai mai magani, wanda ba ya sara, ba ya harbi, aikinsa kawai ya bi bayan 'yan uwansa yana ƙara musu jini idan nasu ya ja baya. Su huɗun nan sai su kama hanya tare, gari bayan gari. Zayyanu da abokansa ayari suke ce wa wannan ƙungiya.

Zayyanu kullum takobi yake ɗauka. Ƙaninsa Nafi'u kuwa kullum mai magani, wani ɗan siriri mai koren rawani da gafaka a kafaɗa.

"Yaya, kai dai ka iya faɗa wa mutane da sara kamar mahaukacin sa," in ji Nafi'u. "Ba don ina bayanka ba, ko ƙofar gari ba za ka wuce ba."

"Rufe mini baki, ɗan kemis. Ƙara mini jini."

"Ka ce don Allah."

Haka suke, har daminar da zazzaɓi ya kama Nafi'u. Bai daɗe a kwance ba.

Zayyanu bai yi kuka ba. Ya ɗauki makara, ya zuba ƙasa, ya zauna karɓar gaisuwa. Mutane suka ce yaron nan akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Ba ya jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Abinci ba ɗanɗano. Barci ba mafarki.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ku sani. Zayyanu ɗan fari ne, Innarsu kuwa mutuniyar da ce, mai alkunya. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. In tana son sa, sai ta ce, "Ina yayan Nafi'u?" Da Nafi'u ya rasu, wannan sunan ma ya gagare ta faɗa. Sai ya zamana ba ta da abin kiransa. Ta ajiye masa kwano, ya ɗauka. Ya fita, ta bi shi da ido. Gidan ya yi tsit.

Abokan wasan sun zo sun gwada. Bashari, wanda ke riƙe maharbi, ya ce, "Mu samo wani ya kama mana mai maganin, mu ƙarasa tafiyar nan."

"A'a."

"To na'ura ta riƙe shi da kanta."

"A'a."

Suka gaji, suka daina zuwa. Ayarin ya tsaya cikin na'ura a bakin wata ƙofa, kowa da kayansa. Idan yara suka watse da yamma, Zayyanu sai ya kunna wurin zaɓen nan ya zauna. Ya kai alama kan mai takobi, ya kai kan maharbi, ya tsallake mai magani, ya dawo. Ba ya danna komai. Da can yana rufe shago kafin almuru. Yanzu ya daina lura da rana.

Ranar da abin ya faru, Laraba ce ko Alhamis, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Maƙwabtansa duk sun ja ƙofofinsu sun nufi masallaci. An ɗauke wuta tun azahar. Janareta ya yi tari, ya yi tari, ya mutu.

Talabijin bai mutu ba.

Zayyanu ya lura. Ya dubi fankar sama, ta tsaya. Ya dubi talabijin, yana nan da haskensa. Ya ci gaba da zama. Ko mamaki bai iya yi ba.

Sai ya ji wari. Warin kanwa, da ɗanyen goro, da gumin jaki. Can nesa kuma kamar ana kaɗa ƙararrawa ƙanana.

"Wane ne madugu a nan?"

Ba sallama. Wani dogon mutum ne a bakin ƙofa, da malafa, da riga mai ruwan ƙasa wadda ta sha hanya. Abin da Zayyanu ya fara gani shi ne bakin mutumin yana rufewa kafin maganar ta iso. Kamar gem idan na'ura ta yi zafi, hoto gaba, murya baya.

"An tashi, Baba," in ji Zayyanu. "Sai gobe."

"Mu yanzu za mu tashi."

Mutumin ya shigo. Benci duk ga wuri, amma ya wuce ya zauna a ƙarshen hagu, wurin Nafi'u. Bencin bai yi ƙara ba. Ya ɗauki rimot ɗin Nafi'u, wanda aka naɗe da jan salatif, ya riƙe shi daidai, kamar wanda ya saba. Zayyanu ya sunkuyar da kai. Rigar ta ɗan ɗage. Diddigen mutumin ne a gaba. Yatsun suna kallon ƙofa.

Zayyanu ya ɗauke ido. Zuciyarsa ba ta ƙara gudu ba.

Hoton talabijin ya sauya. Ba wurin zaɓen da ya sani ba ne. Wani fili ne mai faɗi, da jakuna ɗaure da kaya, da mutane a tsaitsaye cikin jeri. Ba mai motsi. Duk sun juya baya, suna fuskantar wata hanya da ta miƙe cikin duhu.

"Ayarina ke nan," in ji baƙon. "Mun daɗe a zangon nan. Muna da jakuna. Muna da maharba. Mai wuta ma akwai. Gaba ce babu kowa."

"Ban san wasan nan ba."

"Ka sani. Zaɓi kawai za ka yi."

"Ni na daina."

"Mai maganinmu sabo ne," in ji mutumin, a hankali. "Shi ya ce yayansa ya iya takobi."

Can ƙarshen jerin akwai wani ɗan siriri. Koren rawani, gafaka a kafaɗa. Yana tsaye ya karkata a ƙafa ɗaya. Sai ya ɗaga hannu ya sosa bayan kunnensa.

Haka Nafi'u ke yi idan yana jiran a fara.

Ni ban ce muku Nafi'u ba ne. Mamaci yana inda Allah Ya ajiye shi, mutanen ɓoye kuwa sun iya aron kama. Abin da Zayyanu ya gani nake faɗa muku.

Ya ɗauki nasa rimot. Sanyi ƙalau, kamar an tsamo shi daga randa. A gaban jerin akwai gurbi, da takobi a soke a ƙasa. Ya kai alama kansa.

"Idan na shiga, yaushe ake dawowa?"

"Ba wanda ya taɓa tambaya."

Zayyanu ya yi tunanin gida. Kwano a ajiye, ba magana. Ya yi tunanin gobe, ya ga irin yau ce. Ya danna.

Wurin rubuta suna ya fito. Ya sa sunan da yake sawa kullum a wasa, Barde. Rubutun ya goge kansa.

"Ba wannan ba," in ji baƙon. "Na yanka."

Ya fara. Harafi ɗaya, wani, wani. Kowane ya danna, sanyin sai ya ƙara hawa, daga babban yatsa zuwa wuyan hannu, zuwa gwiwar hannu. Da ya kai rabin sunan, yatsan ya sandare. Ya matsa, ya ƙi.

"Bar shi," in ji mutumin. "Ba sai an rubuta ba. A zango kira ake yi. Za a kira ka, ka ce na'am, shi ke nan ka shiga."

Ƙararrawar ta matso. Hasken waje ya koma toka-toka. Sai ga murya daga bayan ƙofa, dab da labule.

"Zayyanu."

Muryar Inna ce. Da 'yar dishewar nan tata ta hayaƙin murhu. Ta faɗi sunan a hankali, ta ja ƙarshensa, kamar mai lallashin jariri.

Wani abu ya motsa a ƙirjinsa, karo na farko tun damina. Ashe haka sunan yake a bakinta. Tun yana ƙarami yake son ya ji. Ya sha laɓewa a bayan ɗaki ko za ta manta ta faɗa. Ba ta taɓa mantawa ba.

"Zayyanu, taso mana."

Bakinsa ya buɗe. Harshensa ya hau dasashi. Rabin kalmar ta riga ta taso.

Ba ta taɓa mantawa ba.

Ranar da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye, da gudu ta fito ba mayafi, amma cewa take, "Wayyo yaron nan!" Ranar da aka fita da gawar Nafi'u, ta riƙe rigar Zayyanu har ta yage, ba ta faɗa ba. Matar da ba ta kama sunan nan a waɗannan ranaku ba, ba za ta zo bayan kasuwa da almuru ta kama shi ba.

Ya rufe baki. Ya danne harshe da haƙori har ya ji gishirin jini. A zuci ya nemi tsari, bai bari ko numfashi ya fita da sauti ba.

Muryar ta sake kira. Wannan karon ba lallashi. Ta sake, sai ta koma kamar ta tsohon namiji, ta koma kamar kukan jaki daga nesa. Ta ɗauke.

Baƙon ya juyo. Ƙarƙashin malafar ba a ganin ido.

"Uwarka na kira, ba ka amsawa?"

"Ni ɗan fari ne."

Mutumin ya girgiza kai.

"Har yanzu ana wannan?" in ji shi. "Mun saurara a gidaje. Mun ji kowa na kiran kowa." Ya juya ga talabijin. "Mai maganin ne ya ce a kira ka da muryarta. Ya ce ita kaɗai ce ba ka ƙi."

Ya ajiye rimot a kan benci.

"Yaron nan ya yi mini wayo."

A cikin hoton, ayarin ya fara tafiya, gaba ba kowa. Jakuna suka bi hanya ɗaya bayan ɗaya. Mai koren rawani ne na ƙarshe. Bai waiwayo ba. Ya dai ɗaga hannun dama sama, ya buɗe tafin, yadda mai magani ke yi a wasan idan zai ƙara wa na gaba jini.

Talabijin ya mutu. Ladan ya ɗaga murya daga masallacin kasuwa. Ba kowa a ƙarshen benci, sai warin kanwa.

Zayyanu bai kulle shago ba. Ya taka har gida, hannunsa na dama a rataye kamar ba nasa ba. Ya tarar da Inna a tsakar gida, ta idar da salla, tana zaune a kan tabarma ta zuba wa ƙofa ido. Kwanonsa na gefe a rufe.

Ta dube shi. Ta ga jini a leɓensa. Ta buɗe baki, tana neman abin da za ta kira shi da shi.

"Yayan Nafi'u," ta ce. "Ina ka tsaya?"

"Na'am, Inna."

Ba amsar tambayar ba ke nan, amma ita ta fito. Ya durƙusa a bakin tabarmar. Kukan da bai yi ba tun damina ya zo masa gaba ɗaya. Ita ma ta ja mayafi ta rufe fuska. Tuwon ya huce a wurin, ba wanda ya taɓa.

Hannun ya warke, ban da babban yatsan. Har yau sanyi gare shi, ko a tsakiyar bazara. Na taɓa shi da kaina, ko kuwa wanda ya ba ni labarin ne ya taɓa, na manta. Ya kwashe kayansa daga bayan kasuwa ya koma bakin titi. Da Bashari ya dawo da wani sabon yaro don su cika huɗu, Zayyanu ya miƙa wa yaron takobi. Shi ya ɗauki rimot mai jan salatif, ya kai alama kan koren rawani.

To, kun ji. Kada almuru ta same ku ku kaɗai a bayan kasuwa, kowace kasuwa ce. Idan kuma aka kira sunanku daga inda ba ku ganin fuska, ko da muryar wanda kuka fi so ce, ku riƙe na'am ɗinku tukuna.

Ku tashi ku kwanta. Wanda zai fita tsakar gida ya tafi da ɗan uwansa.