Tulun Mujiya

Tun da matata ta rasu ni kaɗai nake a gindin tsohon ginin dala na kakanninmu, mutanen Moche. Ina gina tuluna masu siffar barewa da ƙaguwa, in binne su su tsufa, in sayar wa baƙi a matsayin kayan tarihi. Mujiya ce kawai ba na ginawa, don kakanninmu da gawa suke binne ta.

Ran nan da magariba wata tsohuwa ta tsaya a ƙofata, tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, a garin da ba a ruwan sama.

"Anselmo, tsohon maƙaryaci, gina mini mujiya."

"Haba Iya, wa ya mutu?"

"Tukuna dai. Kai wa gare ka da zai saka maka ita a kabari?"

Ta kama hanya. Kafaɗunta ba su motsa ba, amma fuskarta ta juyo har baya kamar ta mujiya, tana kallona.